Tsohon da Dinyoyi Ba Sa Gudunsa

Da sassafe, kafin ta fita, Mai Tuta ta yi wa mahaifinta sata har biyu. Ta ɗauke takalmansa na roba ta tura su ƙarƙashin gadonta, can ƙurya inda sai mutum ya kwanta rub da ciki zai gan su. Sannan ta zare tsohon kwat ɗinsa daga ƙusar bayan ƙofa ta zura a jikinta. Kwat ne mai ruwan toka, mai nauyi, hannuwansa sun shanye mata yatsu, aljihunansa suna warin tsaba. Ta dubi kanta, dabarar ta yi mata daɗi. Ba takalmi, ba kwat, ga sanyin da ke gangarowa daga kan duwatsu yana neman tsinke kunne. In dai ba fiffike tsohon zai tsiro ba, yau kam yana gida.

Ta leƙa ɗakinsa. Yana kwance ya ba ƙofa baya, ya ja bargo har ka. Jiya ta kafa baki a kunnensa na dama, wanda ya ɗan rage saura, ta gaya masa za a ƙona fadama da safe, kada ya kuskura ya nufi tafki. Ya gyaɗa kai. To amma Baba mutum ne da ke gyaɗa wa kowa kai, har wanda ya tambaye shi hanyar kasuwa. Don haka ta tsaya wajen matar ƙaninta Auta, wadda ke fama da ɗanyen itace a kicin, ta ce ta sa masa ido. Matar Auta ta share hawayen hayaƙi ta ce kada Yaya ta damu, ai ba inda za shi.

Fadamar tana shimfiɗe ne tsakanin duwatsu biyu, can sama inda baƙo ke haki in ya yi 'yar tafiya. Ciyawarta ta fi kowane mutum tsawo. Da ita mutanen kwarin ke rufin ɗaki, da ita suke saƙa tabarma, sabon tohonta kuma shi ne abincin shanunsu. Amma sabo ba ya fitowa sai an kawar da tsohuwa, shi ya sa kowace shekara, in an yanki abin da za a yanka, sanyi ya fara sassautawa, ake cinna wa sauran wuta. A tsakiyar fadamar akwai tafki, kuma a irin wannan lokacin cike yake da baƙi: dinyoyin daji da agwagi da gauraki masu zuwa daga wata uwa duniya su yi sanyinsu a nan, in zafi ya matso su tsallake duwatsu su koma. Wuta ba ta yi musu komai. In hayaƙi ya dame su sai su tashi su yi shawagi, da yamma su dawo ruwansu.

Mutum ne abin tsoro. Wanda ya shiga ciyawar nan ba mai ganinsa, ko daga kan hasumiya. Amma tsuntsaye suna gani, kuma ba su iya rufa asiri ba. Duk inda mutum ya bi sai su yi ta tashi a gabansa rukuni bayan rukuni, kamar ana farke ɗinki, in ya kai bakin tafki dinyoyi su ɗauka da kururuwa su miƙe sama. Dila ma yana tayar da su, amma tashin dila ƙasa-ƙasa ne, su yi tsalle su sake sauka. Gada kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Tashin mutum daban yake, kuma duk ɗan kwarin ya san shi. To kafin a sa wuta sai mai tuta ya hau hasumiyar katako ya zuba wa fadama ido, tun daga fitowar rana har ta ɗaga. In ba abin da ya motsa, ya buga ƙarfe, ya ɗaga farar tuta. Da wannan ake aiki tun da can, kuma ko akuya ba a taɓa ƙonawa ba. Baba ne ya riƙe tutar har kunne ya mutu, gwiwa ta ƙi tsani. Da ya tashi miƙawa sai ya miƙa wa 'yarsa, domin Auta ko ruwa ba ya iya sha a zaune.

Ta hau hasumiyar ta zauna a kan benci, ta tattare kwat ɗin a jikinta. Kawunan duwatsu sun yi fari da ƙanƙara. Wasu awakin dutse suka gangaro shan ruwa a can gefe, suka sha suka koma abinsu, ba tsuntsun da ya ɗaga kai. Ta bi fadamar da ido daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, yadda Baba ya koya mata, ba tare da ta bar idon ya huta wuri ɗaya ba. Shiru kake ji. Tafkin yana kwance da baƙinsa, sai dai yawancin dinyoyin sun taru a kusurwa guda. Ta ce a ranta can ne rana ta fara taɓawa, ɗumi suke nema.

Kowa yana inda ya kamata. Kawu, ƙanin Baba, yana can kan fadama da mutanensa, daga inda iska ke tasowa. Shi zai fara. Auta kuma yana gindin fadama, a ɗaya tsallaken, da nasa mutanen. Akwai wani farin dutse da ke tsaye shi kaɗai a bakin ciyawa. In hayaƙin wutar Kawu ya kai kansa, Auta zai cinna tasa daga ƙasa, wutar biyu su haɗu su cinye juna, kada ta farko ta zarce zuwa tarin ciyawar da aka yanka da gidajen mutane. Abin da ya faɗa tsakaninsu, in ba mai fiffike ba ne, ba ya fita. Tsofaffi sukan ce ko a ruwa mutum ya kwanta, hayaƙi zai riga wutar isa gare shi.

Rana ta ɗaga. Ta miƙe ta ɗauki guduma ta doki tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye, ta doka, ta sake dokawa, ta jira amon ya mutu. Ba abin da ya tashi sai wani zalɓe guda, shi ma don ra'ayin kansa. Ta ɗaga farar tuta.

Can nesa wani siririn hayaƙi ya miƙe, sannan wani kusa da shi, sannan suka haɗe. Wutar Kawu ta kama da kyau. Iska ta karɓe ta, ta fara turo ta ƙasa, ƙararta tana isowa a hankali kamar ana suya a maƙwabta. Mai Tuta ta ja numfashi. Aikin mai wuya ya wuce, sauran kallo. Ta buɗe filas ɗinta za ta zuba shayi, sai ta waiwaya ta dubi gida, don daga kan hasumiya ana ganin tsakar gidansu tar.

Matar Auta ce tsaye a tsakar gida da kofi a hannu. Ta shiga ɗakin Baba ta fito. Ta zagaya bayan gida ta dawo. Ta tsaya ƙofar ban ɗaki, da alama tana magana, sannan ta tura ƙofar ta leƙa. Ta nufi garke, ta dawo. Kofin yana hannunta har yanzu, tana riƙe da shi a hankali kada ya zube. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi hasumiya.

Shayin ya malala a kan yatsun Mai Tuta, ba ta ji zafinsa ba.

Tun da Baba ya ajiye tuta ya samo wa kansa wata sana'a. Kullum da safe sai ya cika gwangwani da tsaba ya shiga ciyawa ya nufi tafki. Shekarar farko dinyoyin suna hango shi suke tashi. Bai yi fushi ba. Ya rage sauri, ya sake ragewa, har tafiyar tasa ta zama abin dariya, yana tafe yana wani gunguni a maƙogwaro wanda shi kansa ba ya ji. Yakan zauna wuri ɗaya har ƙafa ta sage. Shekaru suka shuɗe a haka, sannu a hankali suka daina tashi, sannan suka fara matsowa, har ta kai suna cin tsaba a tafin hannunsa. Mutane suka ce tsoho ya yi sabon aure a tafki. Auta ya ce in Baba ya tashi rabon gado, da dinya za a raba. Ita ma ta yi dariyarta, har da riƙe ciki. Duk kwarin ya san akwai mutum guda da tsuntsaye ba sa tashi dominsa, kowa ya yi raharsa a kai, amma ba wanda ya taɓa zama ya haɗa wannan da maganar tuta.

Ta juya ta dubi kusurwar tafkin. Dinyoyin sun cunkushe wuri ɗaya, wuyoyinsu a ƙasa, suna ture juna. Ba ɗumin rana suke nema ba. Ci suke yi.

Ta fizgo farar tuta ta jefar, ta ɗaga ja. Kawu zai gani, amma ganinsa ba shi da amfani, wutarsa ta riga ta fi ƙarfin hannunsa. Auta ne ya kamata ya gani. Ta dubi inda yake, ba ta ga komai ba sai toka-toka. Iska ta kwantar da hayaƙin a kan fadama, ya shiga tsakaninta da tsallake. Ta koma kan ƙarfe ta yi ta duka har kafaɗarta ta yi tsami, tana sane da cewa iska na kwashe amon zuwa wani gefe, ga rurin wuta a kunnuwansu. Ta ciro waya ta kira shi. Inda yake tsaye waya ba ta kamawa, ta san haka tun kafin ta danna. Ta leƙa ƙasa ta ƙwala wa matar Auta kira, ta ce ta ruga ta bi gaɓa ta gaya wa mijinta kada ya sa wuta, Baba yana ciki. Matar ta zura da gudu, sai da ta yi nisa ta tuna ta jefar da kofin. Amma zagayen gaɓa tafiya ce mai tsawo, kuma bakin hayaƙin ya kusa farin dutse.

Tsoro ya kama Mai Tuta. Ta dafa katako ta tilasta wa kanta tunani. Auta ba ya ganin hasumiya, ba ya jin ƙarfe. Abu ɗaya ya rage masa, sararin da ke saman hayaƙi. Kuma duk gaggawarsa ɗan Baba ne, a gindin wannan hasumiyar ya tashi, ya san bambancin tashin wuta, da ke ɗaga tsuntsaye gaba ɗaya, da tashin mutum. In Baba ba zai iya tayar da su ba, to sai wanda zai iya ya shiga.

Ta sauko tsanin ba ta san yadda aka yi ba. Daga gindin hasumiya akwai hanyar katako da ta ratsa ciyawa, ta bi ta da gudu, ganye yana yankar fuskarta. Ƙananan tsuntsaye suna tashi a gabanta, amma ba sa wuce saman hayaƙi, ba mai ganinsu daga tsallake. Dinyoyi take buƙata. Wani dila ya ɓullo daga hagu da wutsiya tsakanin ƙafafu, ya gifta ta gabanta ko waiwaye bai yi ba. Sai katakon ya ƙare, laka ta karɓe ta har cinya. Nan gudu ya tsaya. Sai ta ciro ƙafa ɗaya da ƙyar, ta dasa, ta ciro ɗayar, kwat ɗin ya sha ruwa yana jan ta baya. Baƙar toka tana saukowa a kanta. Ta yi ta ture ciyawa da hannu biyu har ta ga hasken ruwa.

Ta fito bakin tafki, ɗan nesa da kusurwar da suka taru. Ga su nan birjik a kan ruwa. Ta tsaya tana jiran kururuwar.

Dinyoyin da ke kusa suka ɗaga kai. Suka ga kwat mai ruwan toka yana tahowa a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yadda suka saba ganinsa. Sai suka juyo suka nufo ta, suna iyo cikin natsuwa, suna ɗan gunaguninsu na murna.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, hayaƙi ya cika mata ƙirji, abin da ya fito tari ne. Ta ɗaga hannu, hannun kwat ɗin ya yi lilo, su kuwa suka ƙara matsowa, don haka Baba yake yi in zai watsa tsaba. Wata tsohuwar dinya mai farin tabo a wuya ta riga kowa isowa. Ta miƙa baki ta ja aljihun kwat ɗin, ta saki, ta dubi Mai Tuta da ido ɗaya tana jira.

Ba sanda, ba dutse, ba murya. Mai Tuta ta ciro hannuwanta daga kwat ɗin, ta kama shi ta wuya. Ya yi nauyi da ruwa da laka. Ta juya shi sama ta sauke shi da duk ƙarfinta, ya sami tsohuwar dinyar a wuya ya kifar da ita. Kukan da dinyar ta yi ya shiga mata har ciki, amma ba ta tsaya ba. Ta sake ɗagawa ta doki ruwa, ta doki ta kusa da ita. Rukunin farko ya fashe, fiffike yana marin ruwa, suka miƙe sama suna kururuwa, suka ɓullo saman hayaƙi. Ta matsa gaba ta bi gefen tafki, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake faɗa wa na gaba. Suka tashi. Ta ƙara gaba. Gauraki suka buɗe manyan fikafikansu suka bi sahu, agwagi suka bi. Tana tafe tana duka tana hawaye, ba ta san na hayaƙi ne ko na mene ne ba, har ta kai kusurwar, ta kori na ƙarshe daga kan tsabar da suke ci.

Baba yana zaune a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife. Ya lulluɓa da bargon kwanansa, ƙafafunsa ba takalmi, sun yi fari fat da sanyi. Gwangwanin tsaba yana kan cinyarsa. Ya ba wuta baya. Ita yake kallo, da alama tun daga dukan farko yake kallonta, kuma ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Me suka yi miki?" in ji shi.

Ta kama kafaɗarsa ta juya shi. Ya ga hayaƙin, ya ga jan harshen da ke leƙowa ta saman ciyawa. Tsohon mai tuta ya farka a cikinsa nan take. Ya dubi inda iska ke kaɗa ganye, ya nemi farin dutse da ido bai gan shi ba, hayaƙi ya riga ya rufe shi. Ya ce Auta zai sa tasa yanzu. Sannan, kamar mai ba da haƙuri ga wani ba ita ba, ya ce ya so ne ya shiga ya fito kafin a buga ƙarfe. Kwanakin nan dinyoyin sun fara kallon duwatsu, tafiya ta zo, ya ce bari ya ba su na sallama. Da ya zauna sai gwiwar ta riƙe, laka ta yi mata sanyi da yawa. Mai Tuta ta dubi ƙafafun nan marasa takalmi, ta tuna inda ta tura takalman, ta kawar da kai.

Hanyar katako ta riga ta shiga hayaƙi, ba ta biyuwa. Hanya ɗaya ta rage, turbar shanu da ta gangara gindin fadama, wato daidai inda Auta yake. In ya ga tashin ya fahimta, can ne mafita. In bai gani ba, ko ya gani ya ce wuta ce ta kore su, to wutarsa za su tara da ƙirji. Ba yadda za ta sani. Ta jiƙa gefen bargon ta rufe masa hanci, ta rataya kwat ɗin a wuya, ta durƙusa ta ce ya hau. Ya so ya yi gardama. Ta kafa baki a kunnensa na dama.

"Baba, ka hau, ko mu zauna nan mu biyu."

Ya hau. Bai kai nauyin da ta zata ba, wannan ma ya ba ta tausayi. Gwangwanin yana hannunsa, yana bugun ƙashin wuyanta duk takun da ta yi, ba ta ce ya yar ba.

Turbar shanu ta fi tauri, amma cike take da ramukan kofato. Ta faɗi a kan gwiwa ta tashi. Zafi ya fara taɓa bayansu, rurin wutar ya cika ko'ina, ɓeraye da kwaɗi suna tsere ta tsakanin ƙafafunta. Idonta yana gaba, tana neman abin da take tsoron gani, wani sabon hayaƙi mai tasowa daga ƙasa. Komai toka-toka ne, ba ta iya bambance na baya da na gaba. Baba yana bayanta, numfashinsa mai ƙara a kunnenta, sai kuma ta ji ya ɗaga kai yana kallon sama, inda dinyoyin ke ta kewaya suna kuka.

Sai ta ji ƙara a gabanta. Ƙas, ƙas, ƙas, karan ciyawa yana karyewa. Ta tsaya cak. Haka wuta ke yi in ta fara cin busasshiya. Ƙarar tana matsowa, kai tsaye, da sauri. Ta duba dama da hagu, ciyawa ce ta ko'ina. Ta ƙara riƙe ƙafafun Baba, ta rasa abin da za ta yi in ban da tsayuwa.

Ciyawar ta tsage, adda ta fara fitowa, sannan Auta, fuskarsa baƙi ƙirin da toka, mutum biyu a bayansa. Ya dube ta, ya dubi abin da ke bayanta. Ya jefar da addar, ya sauke tsohon daga bayanta ya saɓa shi a kafaɗa, ya juya da gudu. Ɗaya daga cikin mutanen ya kama hannunta ya ja ta.

Sai da suka fita gaɓa, aka cinna wutar ƙasa a makare, sannan Auta ya yi magana, yana haki. Ya ce ashana tana hannunsa ya ga rukunin farko ya ɓullo. Mutanensa suka ce wuta ce ta kore su, ya sa kawai, lokaci yana wucewa. Ya ce musu wuta ba ta bin gefen ruwa tana tsayawa tana hutawa.

"Na san mutum ne," ya ce. "Kuma na ce a raina ba dai Baba ba, shi ai ba sa tashi dominsa. Ina faɗin haka, Yaya, sai ashanar ta faɗi daga hannuna."

Wutar da aka sa a makare ba ta tare komai da kyau ba. Ta farko ta tsallaka ta cinye babban tarin ciyawar Kawu kafin a kashe ta da ɗanyen ganye da bokitai. Kawu ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, ya zagi tuta, ya zagi dinya, ya zagi tsufa, sannan ya je ya zauna kusa da wansa ya riƙe masa ƙafa yana murzawa. Matar Auta ta iso bayan an gama komai, ta zube ƙasa tana kuka, aka rasa mai ƙarfin rarrashinta.

Baba bai yi wa 'yarsa faɗa ba. Da ma ya yi. Ta fito da takalman ta ajiye masa a bakin ƙofa, ya dube su ya gyaɗa kai. Ta wanke kwat ɗin, ta ciccire ƙananan gashin tsuntsu da suka manne a jikinsa, ta shanya, ta mai da shi kan ƙusarsa. Ya gyaɗa kai. Da yamma dinyoyin suka dawo tafki, amma ba duka ba, kuma can tsakiyar ruwa suka sauka, nesa da kowace gaɓa.

Da gwiwar Baba ta saki, wata safiya Mai Tuta tana kan hasumiya tana duba ko akwai sauran wuta a ƙarƙashin toka, sai ta hango shi. Yanzu ba ciyawar da za ta ɓoye shi, fadamar ta zama baƙin fili. Ya sa takalmansa, ya sa kwat ɗinsa, gwangwani a hannu, yana tafe da wannan tafiyar tasa ta a hankali. Ta san yana gunguni ko da ba ta ji.

Bai kai rabin hanya ba dinyoyin suka miƙe wuya. Ɗaya ta yi kuka, saura suka amsa. Ya tsaya, ya jira, ya ƙara taku ɗaya. Suka fashe gaba ɗaya suka tashi.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire kwat ɗin, ya ninke shi ya ajiye a kan toka, ya matsa nesa da shi. Ya tsaya cikin sanyin nan da 'yar shara a jikinsa, ya miƙa gwangwanin gaba da hannu biyu. Dinyoyin suka kewaya tafkin, suka sake kewayawa, kowane zagaye yana fin na baya nisa da ƙasa. Daga nan suka ja layi, suka fuskanci duwatsu. Ya bi su da ido har suka shige bayan ƙanƙara.

Mai Tuta ta ji wani sanyi ya sauka a zuciyarta, don daga yau ba mai shiga fadamar nan ba ta sani ba. Sai kuma ta ji kunyar wannan sanyin ta rufe ta, har ta kasa kallonsa.

Ya ɗauki kwat ɗin ya rataya a hannu, ya dawo a hankali ta gindin hasumiya. Ya tsaya ya ɗaga kai. Ba fushi a fuskarsa, ta nema ba ta samu ba.

"To, Uwata," ya ce, da sunan da yake kiranta tun tana ƙarama. "Tutarki ta gyaru. Baɗi ko ni na shiga, za ki gani."

Ya sunkuya ya ajiye gwangwanin a kan matakin tsani na farko, da sauran tsabarsa a ciki, ya nufi gida.